Gawayi, Ƙaro da Yumɓu: Littafin Aikin Zane na Makarantarmu

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Yau aka damƙa mini darasin zane da aikin hannu na 'yan aji 1 zuwa aji 3, har da 'yan raino. A manhajar ƙasa darasi ɗaya ne da ya cure zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'ar hannu, mu kuma sau biyu a mako muke yin sa, bayan an dawo daga tara. Makarantarmu tana wani ƙauye ne a ƙasar Birnin Kudu: ajujuwa shida, ofis ɗaya, sai gindin darbejiya inda 'yan raino suke zama a tabarma. Kayan aikin da na gada su ne kwalin alli ɗaya da fensirin kala guda 11, babu shuɗi a cikinsu. 'Yan aji 2 kaɗai su 68 ne a rajista.

Na ce wa 'yan aji 2 kowa ya zana abin da ransa yake so. Da na karɓi takardu sai na tarar kusan duk kofi ne. Kofi iri ɗaya, mariƙinsa a dama, irin wanda aka saba zana musu a allo su kwafa. Wanda ya gama sai ya miƙo ya ce, "Malama, daidai ne?" Wani yaro a bencin baya ko layi bai ja ba, ya ce shi bai iya zane ba.

Da aka tashi, a bakin ƙofa na ga wannan yaron yana jan motar kara. Da totuwa da ɓawon kara ya haɗa ta, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ƙofarta tana buɗewa, har da wurin ɗora kaya a sama. Na ce wa ya yi maka? Ya ce shi ya yi. Na daɗe ina juya motar nan a hannuna. Yaron da ya auna faɗin tsakanin tayoyi da ido, ya san inda zai soka tsinke kara bai tsage ba, shi ne muka koya wa cewa bai iya komai ba saboda kofinsa bai yi kama da na allo ba. Wannan ne ya sa na sayi littafin nan mai shafi 60, in riƙa rubuta abin da muka gwada, da wanda ya yi da wanda ya ƙi.

Alhamis, 26 ga Satumba

Doka biyu na kafa. Ba zan sake zana abu a allo in ce a kwafa ba, kuma kowa ya bar kilinarsa a jaka.

Na fitar da su waje, kowa ya tsinko ganye ɗaya. Kafin a taɓa fensir sai da muka yi kusan minti goma muna kallo kawai. Me ke gefen ganyen darbejiya? Wata ta ce haƙora. Na zogale fa? Ƙanana, masu zagaye, suna jere biyu-biyu. Na kuka kamar tafin hannu da yatsu. Sannan aka zana a ƙasa da tsinke, inda kuskure ba ya tsorata kowa tunda tafin hannu ɗaya ya share shi. Ganye 50 da wani abu aka zana, babu biyu da suka zo iri ɗaya. Har yanzu dai suna tambaya ko daidai ne. Amsar da nake ba su ita ce, ɗauko ganyen ka duba, shi zai faɗa maka.

Litinin, 30 ga Satumba

Gobe hutun 'yancin kai, don haka muka yi tuta. Na ba su labarin Taiwo Akinkunmi, wanda ya tsara ta a 1959 yana ɗalibi a Landan, don su san cewa tuta ma wani ne ya zauna ya yi tunanin fasalinta. Koren fensir ɗaya gare mu. Muka murza ɗanyen ganyen wake a takarda, ya ba da kore mai kyau, yara suka yi ta murna.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Koren ganyen ya koma ruwan ƙasa. Dole mu nemo kalar da za ta zauna.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Maganin yana ƙarƙashin hancinmu ashe. Fiye da rabin yaran nan suna zuwa makarantar allo da asuba da yamma, kuma babu wanda bai san tawada ba a cikinsu. Na tambayi yadda ake haɗa ta, sai hannuwa suka tashi, har da na waɗanda ban taɓa jin muryarsu a aji ba. Wani ɗan aji 3 ya fito ya yi mana bayani tiryan-tiryan: a niƙa gawayi ya yi laushi, a tankaɗe, a jiƙa ƙaro ya narke, a haɗa, a tace da tsumma. Na ce to me ƙaro yake yi a ciki? Ya ce shi ne yake riƙe baƙin a jikin allo.

Duk fentin ruwan da ake sayarwa a kanti a kan wannan yake tafiya: garin kala, da danƙon da zai riƙe shi. Kuma danƙon da ake sa wa fentin ruwa na masu zane shi ne dai ƙaron nan da ake tsinta a jikin dakwara a dazukanmu, wanda 'yan kasuwa suke saye su fitar da shi waje. Idan ƙaro ya riƙe gawayi, me zai hana ya riƙe jar ƙasa? Na raba musu aiki: wasu su zo da jar ƙasa daga bakin kududdufi, wasu farar ƙasa, 'yan mata su roƙo mini zoɓo da kurkum kaɗan-kaɗan a wajen iyaye mata. Ni na sayi ƙaro rabin kwano da bular wanki.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ranar haɗa kala. Bari in rubuta ta dalla-dalla saboda malamin da zai so ya gwada.

Jar ƙasa da farar ƙasa sai an jiƙa su a bokiti an dama, a bari yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai kauri a wani mazubi, a bar shi ya kwana. Abin da ya kwanta a ƙasa da safe shi ne kalar, mai laushi kamar kullu. Karon farko mun yi gaggawa ba mu tace ba, sai ta riƙa karce takarda. Ƙaro kuwa awo gare shi. In ya yi kaɗan, zanen yana bushewa sai ya bi hannu. In ya yi yawa sai ya yi ƙyalli ya tsattsage. Abin da ya yi mana shi ne cokali ɗaya na ruwan ƙaro mai kauri a kan cokali biyu na kwaɓaɓɓiyar kala, a ƙara ruwa gwargwadon buƙata.

Sakaina muka yi mazubin kala da ita, kowane benci guda huɗu. Buroshi kuma asuwaki ne da aka tauna bakinsa, da gashin kaza don siririn layi, da tsumma ɗaure a tsinke don shafe wuri mai faɗi. Takarda, kwalayen taliya da na sabulu ne da mai kanti ya tara mana, muka farke su muka yi aiki da cikinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne zoɓo. Na zuba jiƙaƙƙen zoɓo a sakaina uku. Ɗaya na bar ta, ɗaya na matsa lemon tsami, ta yi ja mai haske, ta uku na ɗiga ruwan kanwa, nan take ta juye ta yi duhu mai ratsin kore. Ajin ya ɗauki sowa. Wata yarinya ta ce ai innarta ta san wannan, shi ya sa miyar yakuwa take canza launi in an jefa kanwa. Kurkum ma da ya ji kanwa sai ya bar ruwan ɗorawa ya koma ja. Baƙi na biyu mun samo shi daga bagaruwa da aka jiƙa da tsatsattsun ƙusoshi, irin dabarar da majema da dukawa suka daɗe da sani. Da muka haɗa bula da kurkum sai ga koren da muke nema tun watan jiya. Na bar yaron da ya fara gano haka ya zagaya benci-benci yana nuna wa sauran.

Sun tambaye ni me ya sa ba mu yi shuɗi da baba ba. Na ce baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai, sai an tsima shi da toka kwanaki a karofi, kuma zane yana fitowa daga ramin da kore-kore ne, iska ce take mayar da shi shuɗi. Na ba su labarin marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, da ta garin Kura. Wannan ya fi ƙarfin ajinmu a yanzu, amma na rubuta shi a bayan littafi.

Mun koma gida hannuwa ja da rawaya. Gobe zan sa a zo da tsofaffin riguna.

Litinin, 21 ga Oktoba

Yara 31 kacal a aji 2. Ana cirar gyaɗa da roron wake. Waɗanda suka zo mun zana kwanson gyaɗa, ciki da waje.

Talata, 29 ga Oktoba

Jiya mahaifin wani ɗan aji 1 ya zo da kwalin da ɗansa ya kai gida. Yaron ya zana akuyarsu. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya gaishe ni, ya ce, "Malama, ni karatu na kawo shi, ban kawo shi ya koyi yin surar abu mai rai ba." Na ce masa ya yi gaskiya da ya zo ya faɗa, kuma ba zan yanke hukunci ni kaɗai ba.

Na san wannan magana za ta zo, kuma laifina ne da ban riga ta ba. Ba ƙaramar magana ba ce a wajen iyaye, ni ma ba ƙarama ba ce a wajena. Yau bayan la'asar hedimasta ya raka ni zauren Liman, mahaifin yaron ma yana nan. Na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa ayyukan yaran a gabansa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da muke yi, a duba mana." Ya ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan wani ganyen kuka da aka yi da jar ƙasa. Ya tambayi da me aka yi baƙin, da na ce tawadar allo ce sai ya yi murmushi.

Abin da ya ce a taƙaice: hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu yin sura tabbatattu ne, ba abin wasa ba ne. Malamai kuma sun yi sassauci a kan wasan yara, tunda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yar tsana. Amma makaranta wuri ne na kowa, don haka shawararsa kada malami ya sa yaro zana mutum ko dabba a matsayin aiki. Itatuwa, gidaje, kayan aiki, zayyana, duk ƙofa a buɗe take. "'Yata," in ji shi, "allon sauka ma ai zayyana ake yi masa. Ki koya musu su yi abu da kyau."

A kan haka muka tsaya, kuma na karɓa da zuciya ɗaya. Da na zauna na lissafa abin da ya rage mini, sai na ga ko shekara uku ba za ta ishe mu mu gama shi ba. Mahaifin yaron ya ce ɗansa ya ci gaba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mun shiga zayyana. Na ce kowa ya aro abu ɗaya mai ado daga gida, da sharaɗin zai koma lafiya. Teburina ya cika: faifai, tabarmar kaba, ƙwarya mai zane, hular zanna, kube, tsohuwar jakar fata, sai hedimasta da ya kawo babbar rigarsa mai aska takwas. Tambaya ɗaya na riƙa yi: mene ne yake maimaita kansa a nan? A faifai sun gano ja biyu, fari uku, ja biyu, fari uku, yana zagayawa. A hula sun gano cewa in ka naɗe ta biyu, gefe da gefe suna haɗuwa. Wannan lissafi ne tsantsa, kuma malamin lissafi da ya leƙo ya ce zai ari faifan.

Dagi ya ba su wuya. Layi ne da yake bi ta sama, ya bi ta ƙasa, ya dawo inda ya faro, kuma ido yana ruɗewa. Sai da muka kwanta shi da igiya a ƙasa, yara suka bi ta kansa da ƙafa, sannan hannu ya gane.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Bugun hatimi: kuɓewar lambu da aka yanka a tsakiya tana ba da tauraro, totuwar masara tana ba da zanen tabarma in an mirgina ta, rabin albasa zobba. Kowa ya tsara gefen zane na kansa. Darasi mai sauƙi, kuma ba wanda ya tambayi ko daidai ne.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ban rubuta komai a kan 'yan raino ba, alhali su ne suka fi tsaya mini a rai. Su 40 ne da ɗoriya, daga shekara 3 zuwa 5. Abokiyar aikina da take zama da su mace ce mai haƙuri, amma ta saba kama hannun yaro ta ja masa layi, in ya yi kwasha-kwasha a takarda ta ce ya ɓata. Mun zauna mun yi magana a tsanake. Na tuna mata abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai: yaro da kwasha-kwashan nan yake farawa, daga kafaɗa yake juya hannu, sannan gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, a ƙarshe yatsu. Daga layin da ba shi da kai sai ya fara rufe da'ira, daga da'ira sai ya fara ba ta suna. Wanda bai ƙoshi da wannan ba, ranar da aka ce ya rubuta baƙi, ko na boko ko na allo, hannunsa zai yi ta rawa. Kama masa hannu ba ya gajarta hanyar.

Don haka yanzu ba ma ba su fensir. Yashi muke zubawa a tsofaffin faranti su yi zane da yatsa, ko gawayi mai kauri a kan babban kwali, ko su tsoma tsumma a ruwa su yi zane a jikin bango ya bushe su sake. Suna yaga takarda, suna zura ƙwallon goruba da murafen kwalba a jere, suna mulmula laka. In yaro ya kawo abin da ya yi, ba ma cewa mene ne wannan, sai mu ce ba ni labarinsa. Wata 'yar shekara 4 ta nuna mini wasu da'irori uku da layi ya ratsa, ta ce murhun innarta ne da itace. Da na sake dubawa, wallahi murhu ne.

Akwai bahaguwa ɗaya a cikinsu. Na roƙi a bar ta ta yi zane da hannun da ya fi mata sauƙi. Cin abinci da karɓar abu wannan tarbiyyar gida ce, ba mu taɓa ta ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Jarrabawa. Hedimasta yana buƙatar maki a takardar sakamako, kuma haƙƙinsa ne. Ni kuma ba na son in koma tambayar "kala nawa ne a tuta" bayan duk abin da muka yi. Kowane yaro yana da jakar kwali da muke tara aikinsa tun Oktoba. Na kira su ɗaya-ɗaya, ya zaɓi biyu da ya fi so, ya faɗa mini da me ya yi su da abin da zai gyara in zai sake. Na ba da maki a kan lura, da kammala aiki, da bayani. Kwana huɗu ya ci mini. Ban gamsu da shi ɗari bisa ɗari ba, don yaro mai kunya yana cutuwa a wajen bayani ko da aikinsa ya fi na kowa. Zango mai zuwa zan rage nauyin wannan kashin.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An dawo, ga hunturu. Wannan zangon na yumɓu ne. A unguwar gabas akwai wata dattijuwa maginiyar tukwane, na je har gida na gaishe ta. Da na faɗi buƙatata sai ta ce, "Ni da ban yi boko ba, me zan koya wa 'yan makaranta?" Na ce, "Inna, abin da yake hannunki babu shi a littafinmu." Ta yarda za ta zo ranar Alhamis, jikanta zai ɗauko yumɓu a kura.

Na nemo takardar naira 20, da ƙyar, don yanzu ba ta cika yawo ba. Na juya bayanta na nuna wa yara matar da take gina tukunya. Ladi Kwali ke nan, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, aka kai ta Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, ta rasu a 1984. 'Yan matan ajin suka yi ta karɓar takardar suna kallo.

Alhamis, 16 ga Janairu

Inna ta zo. Ba ta yi dogon bayani ba, ta zauna ta fara aiki, yara 60 suka yi tsit. Ta daka tsingaro ta tankaɗe ta zuba a yumɓu, ta ce shi ne ƙashin tukunya. Ta sa su tattake da ƙafa, ta sa su tsince duk tsakuwa. Ta nuna musu yadda ake murza igiyar yumɓu a ɗora a kan ta ƙasa a shafe. Yaron motar kara ya gina kasko mai ƙafa uku, ta ɗauka ta juya, ta ce masa, "Kai ɗan nan, hannunka yana ji." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ta gargaɗe ni a shanya a inuwa, a rufe da tsumma.

Litinin, 20 ga Janairu

Ban rufe ba. Na jera su a tagar ofis na tafi hutun mako, iskar hunturu ta busar da bayansu cikinsu yana ɗanye, fiye da rabi sun tsage. Na faɗa wa yara gaskiya cewa ni ce ban bi maganar Inna ba. Mun farfasa, mun jiƙa, za mu sake. Yumɓun da bai shiga wuta ba ba ya asara.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An gasa a bayan gidan Inna, da kara da busasshen kashin shanu, yara suna kallo daga nesa. Cikin 54, guda 41 sun fito lafiya. Waɗanda suka fashe masu kaurin gindi ne, ruwa ya ɓuya a ciki, da ya ji wuta ya nemi hanya. Inna ta sa kowa ya ƙwanƙwasa nasa ya ji amo: mai ƙara ya gasu, mai bushewar murya yana da tsaga. Mun ba ta ɗan abin goro daga kuɗin kwamitin iyaye, ta ƙi karɓa sai da hedimasta ya sa baki.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yau muka kai 'yan aji 3 su 22 garin Birnin Kudu su ga zanen dutse, bayan iyaye sun amince, Liman ma ya ce kallon tarihi ba laifi. Kwamitin iyaye ne ya biya mota. Yawancinsu sun sha jin sunan Dutsen Habude da Dutsen Mesa, amma ko ɗaya bai taɓa zuwa ba, ga shi a ƙasarsu yake. Masana tarihi sun rubuta labarin wurin tun a shekarun 1950, kuma yana cikin wuraren tarihi da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa take kula da su.

A ƙarƙashin rumfar dutse zanen yake, shanu ne, wasu sun dushe sai ka saba da hasken wurin kake ganin su. Na ce kada kowa ya taɓa, kuma kada kowa ya yi magana sai ya ƙirga ɗari a zuci yana kallo. Da suka gama, wani yaro ɗan rugar da ke bayan makaranta, wanda ya fi kowa shiru a aji, ya ce, "Malama, shanun nan ba su da tozo." Na duba. Haka ne. Masanan ma abin da suka lura da shi ke nan, cewa irin shanun da aka zana ba irin masu tozon da ake kiwo a nan yanzu ba ne. Babu wanda ya faɗa wa yaron nan. Ya san saniya, kuma ya tsaya ya duba. Sai da na juya baya na goge idona.

Wata kuma ta ce jan ya yi kama da jar ƙasarmu, ta tambaya ko su ma da ƙaro suka haɗa. Na ce ta riƙe tambayar, mu gwada a kan dutse a makaranta mu ga wanda zai jure rana. Sun ƙwanƙwasa duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa. Kafin mu taso kowa ya zauna ya zana fasalin dutsen da itacen da ke gefensa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun yi baje koli kafin azumi. Igiya muka ɗaura daga darbejiya zuwa taga muka rataye kwalaye, tukwane a kan tabarma. Dagaci ya zo, Liman ya zo, mahaifin ɗan aji 1 ɗin nan ma ya zo, ya tsaya a gaban zayyanar da ɗansa ya yi wa gefen allo, ya ce a ba shi in an gama. Iyaye mata da yawa ba su samu fitowa ba, don haka na bar kowane yaro ya kai jakarsa gida ta kwana biyu.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi, ana tashi da wuri, aiki mara nauyi muke yi. Jakunkuna sun dawo, uku babu, ɗaya akuya ta ci gefenta. A cikin wata na tarar da ƙaramin faifai sabo, uwar yarinyar ta aiko a sa a ajin.

Sakamakon gwajin dutse bayan kwana 24 a rana: zoɓo ya gudu gaba ɗaya, kurkum ya kusa, bula ta dushe, jar ƙasa da gawayi suna nan daram. Yarinyar da ta yi tambayar ita ta rubuta shi a allo da hannunta.

Ƙaro ya ƙare. Na sa a faɗa wa masu kiwo su tsinto mana tun rani bai wuce ba. Na kuma yi magana da wani dattijo magini a kan ƙaramar katangar tubali da za ta tare wa 'yan raino iska, wadda 'yan aji 3 za su yi wa ado da laka irin na fuskar zaure. Ya ce sai ɗorawa ta nuna a samu makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a haɗa da laka don ta yi ƙarfi, in ba haka ba ruwan farko zai wanke ta. Ya ce kafin nan yara su kawo masa zanen da suke so a kwali, shi zai zaɓi wanda laka za ta iya ɗauka. Ranar Alhamis za mu fara.